Jijiyar da Aka Zaro daga Ƙafar Yaya

Yayata makitsiya ce. A unguwarmu a Matameye, idan ka ga mace da kalaba ƙanana sun kwanta lumui, tsagarsu a miƙe kamar an ja da zare, ba sai ka tambaya ba, daga tsakar gidan Yaya ta fito. Ni kuwa tun da na yi gashin da za a iya kamawa, hannunta kaɗai kaina ya sani. Shekara tara ta ba ni, kuma ita ta goya ni. Sai ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta ta matse, ni kuma Allah bai yi ni da zama shiru ba. In tambayi me ya sa gashin Inna ya yi fari, in tambayi ina gashin da ya zube yake tafiya, in tambayi wa ya koya wa mace ta farko kitso. Idan na ishe ta, ko na waiwayo don in ga yadda yatsunta ke yi, sai ta lanƙwashe manuniyar hannun damanta ta sakar mini ranƙwashi a tsakiyar ka. Ranƙwashin Yaya ƙarami ne, amma har cikin haƙori ake jin sa. Na girma, na yi aure, na sayi keken ɗinki ina yi wa mutane kaya, duk bai sa ta daina ba.

Abin ya faru lokacin rake. Mijinta yana da garka wajen Dawce, ya turo dami guda a amalanke, 'ya'yanta suka kewaye ta kowa yana jiran rabonsa. Tana fere wani mai tauri sai wuƙar ta cije a gaɓa. Ta danna da ƙarfi, hannunta ya zame daga ƙota, manuniyar ta sauka a kan kaifi. Yankan bai kai a tara mutane ba. Inna, mahaifiyarmu, ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure, ba wanda ya yi zancen asibiti. Kafin sati biyu baki ya haɗe, sai ɗan farin tabo a gindin yatsan ta ciki. Amma yatsan ya ƙi lanƙwashewa. Tana jin zafi da sanyi da shi, idan aka tsikare shi ta sani, sai dai idan ta dunƙule hannu huɗu su tafi, shi ya tsaya ƙiƙam a miƙe.

Da farko dariya muka riƙa yi, Allah ya yafe mana. Yaya ta zama mai nuna kowa. Ta durƙusa gaida surukarta, yatsa yana saitin hancin tsohuwa. Ta riƙe buta, yana nuna maƙwabta. Wata rana a gidan suna wata dattijuwa da ba ta san labari ba ta dube ta ta ce, "Yarinya, ni kike nunawa tun ɗazu? Me na yi miki?" Yaya mace ce mai kunya, wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa. Ta dawo gida ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ta aiko in ba ta ƙyalle daga ragowar ɗinkina. Daga nan kullum sai ta shafa wa yatsan man kaɗanya, ta kama shi da hannun hagu ta lanƙwasa gaɓa bayan gaɓa har ya taɓa tafi, ta ɗaure shi a haka. Idan lokacin alwala ya yi ta kwance, ta wanke, ta idar da salla ta sāke naɗe shi. Sau biyar a rana, ba fashi, don kawai kada ta nuna wani da yatsa.

Dariyar ta ƙare ne da muka ga kitso ya tsaya. Manuniya ce ke tsinko gashi ta miƙa wa sauran yatsu. Yaya ta gwada da na tsakiya, gashin ya riƙa zamewa, kitson ya fito sako-sako kamar na mai koyo. Matan da ke layi a tabarmarta suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta mai daɗi. Ita da kanta ta ce in je wurin wata makitsiya a bayan tasha. Na je sau ɗaya. Da na dawo ta juya kaina hagu da dama ta ce, "Ya yi kyau, Auta," sannan ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Na tsefe shi kafin ya kwana uku. Daga ranar nake kama gashina gida biyu da hannuna in ɗaura ɗankwali, kuma na yi wa kaina alkawari wani hannu ba zai sāke taɓa shi ba. Na ji tausayinta ƙwarai, amma har da haushi, don ta fara cewa haka Allah ya so tun kafin mu buga ko'ina.

Maɗori ya taɓa ya ce ƙashi lafiya lau, ba aikinsa ba ne. Ni kuwa tambayar ta hana ni sakat: yatsa yana da rai, yana jin taɓi, to me ya tsinke a ciki? Ran da na kai 'yata rigakafi na tare majo, babban ma'aikacin jinya na garinmu, na kwashe labari na gaya masa. Ya ce in kawo ta. Ya duba, ya ce jijiyar da ke jan yatsan ce wuƙa ta raba biyu, kuma ɓangaren sama ya ja da baya ya shige cikin tafin hannu. Nan take na gane, don ina ganin haka kullum idan zariya ta kuɓuce ta shige ƙubakar wando. Ya rubuta mana takarda zuwa Damagaram.

A babban asibitin can ba mu tarar da likitan hannu ba. Wata ma'aikaciya ta karanta takardar tana sauri, ta ba mu randebu, wato ranar ganin likita, ran Alhamis, ta ce, "Tunda ya daɗe, ba a iya haɗa bakin biyu. Sai an ƙara mata wata jijiya." Muka yi godiya muka hau mota. Ba mu tambayi ta wa ba, don a ganinmu amsar a fili take. Mun san ƙarin jini. Idan aka ce mara lafiya yana bukata, dangi ne ke zuwa su miƙa hannu, kuma wanda bai zo ba za a daɗe ana tuna masa. Inna ta aika wa danginmu na Kurni da Dawce. Ran Alhamis mu tara muka cika mota. Kowa ya karya da kyau, kowa ya sha zoɓo, don an ce yana ƙara jini, kuma wa ya sani ko yana taimakon jijiya.

Cikin tawagar har da Kawu, wan Inna. Mahauci ne, ya fi shekara arba'in yana fawa, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Mijin Yaya ma ba ya tsallake maganarsa. Tun a mota ya fara rabon aiki. Ya ce jijiyar namiji ta yi wa yatsan mace kauri, don haka maza su koma gefe. Ya ce mai goyo ba za ta bayar ba. Na ce ni zan bayar, ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. Ya ce, "Ke da kike cin abinci da hannunki? Idan aka cire taki, wa zai taka keken?" Na ce da ƙafa ake taka keke. Ya harare ni har muka wuce gari biyu.

Likitan gajere ne mai furfura, tabaraunsa rataye da igiya a wuya. Ya leƙo ya ga mutum tara a kan benci ɗaya, ya tambayi wanne ne mara lafiya. Da aka gaya masa abin da ya kawo sauran, bai yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya bar zumunci, amma wannan ba kamar jini ba ne. Daga jikinta za a ɗauka a mayar a jikinta, don jiki ya fi karɓar nasa. Wani ɗan baffanmu da tun safe fuskarsa ba ta saki ba ya sauke ajiyar zuciya har kowa ya ji. Likita ya ce mutum biyu su shigo da ita. Kawu ya tashi, ni ma na tashi kafin wani ya riga ni.

Ya kwance ƙyallen, ya kama yatsan ya lanƙwasa ya miƙe, ya sāke lanƙwasawa. Sai ya sa tabarau.

"Wata nawa da yankan?"

"Bakwai," in ji Yaya.

"Wa ya ce ki riƙa lanƙwasa shi haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Nuna mutane yake yi, shi ya sa nake ɗaure shi."

Ya ce yatsun da ke zuwa masa bayan wata bakwai galibi sun sandare, gaɓoɓin sun bushe, ko an sa sabuwar jijiya ba abin da za ta ja. Nata kuwa laushi gare shi kamar jiya aka yanke. "Kunyarki ce ta ajiye miki shi," ya ce. Yaya ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Daga nan ya nuna mana wani abu da ban taɓa sani ba duk tsawon zamana da hannuna. Ya haɗa babban yatsansa da ƙaramin, ya ɗan lanƙwaso wuyan hannu, sai ga wata jijiya ta taso a tsakiya kamar igiyar guga. Ya ce wannan rara ce, ko an cire ta hannu ba ya rasa komai, kuma ita ya fi son ɗauka. Amma ba kowa Allah ya ba ba. Na yi yadda ya yi, tawa ta taso ɓaro-ɓaro, dama da hagu. Kawu ya juya baya ya gwada a ɓoye, na hango tasa ita ma. Yaya ta yi, ba komai. Ta sāke da hagu, wuyan hannun sumul. Likita ya latsa, ya juya, ya girgiza kai. Na dubi nawa hannun guda biyu da jijiyoyinsu da ba su da aikin yi, na ji kamar in mare su.

"To sai mu sauka ƙafa," in ji likita. "Akwai wata siririya a bayan ƙafa, kusa da agara."

Kawu ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce, "Likita, ka yi karatu, ni ban yi ba. Amma na san agara. Bijimin da ya gagari mutum shida, sara ɗaya ake yi masa a nan ya zauna, kuma ba ya ƙara tashi. Da hannuna na yi, ba labari aka ba ni ba. Yarinyar nan da ƙafafunta ta shigo. Da yatsa tara ana rayuwa. Ba zan sa hannu a mayar mini da ita gurguwa saboda kitso ba." Likita ya ce ba agarar zai taɓa ba, ta kusa da ita ce. Kawu ya ce wuƙa ba ta san kusa ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Tashi mu tafi."

Yaya ba ta taɓa musa wa Kawu ba. Na ga ta ɗauki ƙyallenta daga kan tebur ta fara naɗe yatsan, a hankali, kamar yadda take yi bayan kowace salla. Na san idan ta gama ɗaurin nan shi ke nan, haka za ta yi ta ɗaure shi har tsufa. Zuciyata ta tafasa, amma ba ni da bakin yi wa Kawu gardama a gaban baƙo. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da ya saba fitowa.

"Likita, da me ake ciro ta? Ko za mu ga wuƙar?"

Kawu ya juyo da idon da ya sa na tuna duk laifin da na yi tun ina yarinya. Likita kuwa ya jawo aljihun tebur. Ya ce wannan tsoho ne, ya daina aiki da shi, ɗalibai yake nuna wa. Ya ɗora shi a gabanmu.

Na sa ran ganin wani abu mai ban tsoro. Sai ga ƙarfe siriri fari, tsawonsa ya kai kamu guda, da mariƙi a gindi, a bakinsa kuma wani ɗan zobe. Shi ke nan. Kawu, duk da fushinsa, mahauci ne, ba zai ga ƙarfen yanka ya ƙyale ba. Ya ɗauka ya auna nauyinsa a tafi. Ya bi tsawonsa da babban yatsa yana neman kaifi, bai samu ba. Ya goga a gashin hannunsa, ko ɗaya bai faɗi ba.

"Ina bakinsa?" ya tambaya.

Likita ya nuna masa gefen zoben, inda yake da ɗan kaifi kaɗan. Ya tambaya ko akwai mai igiya. Ni kuwa jakata ba ta rabuwa da tarkacen ɗinki, na zaro zariya biyu na miƙa. Ya naɗe tawul ya ce wannan ce ƙafa, ya ratsa zariya ɗaya ta cikinsa, ya ba ni in riƙe. Ya ce zai tsaga fata kaɗan a bayan idon sawu ta ciki, tsagar da ba ta fi gaɓar yatsa ba. Ya nemo bakin siririyar jijiyar, ya zura ta cikin zoben, ya riƙe ta da ƙarfi. Sai ya tura ƙarfen sama ta ƙarƙashin fata. Zoben yana bin jijiyar, yana raba ta da abin da ya manne mata, ba ya kaucewa don ita ce hanyarsa. Idan ya kai sha-raɓa, inda ta haɗu da tsoka, sai ya datse ta, a zaro ta gaba ɗaya ta ƙaramar tsagar nan. Yana faɗa yana yi, sai ga zariya ta fito daga tawul sumul.

Na ce, "Ai ina da irinsa. Wayar ƙafar keke ce na lanƙwasa wa baki, da ita nake zura zariya a wando."

"Rufe mana baki," in ji Kawu. Amma bai ajiye ƙarfen ba. Ya ce, "A cikin duhun nan da ba ka gani, me zai hana shi kama agara?"

Likita ya ce, "Baba, kai ka san kaurinta. Gwada."

Kawu ya dubi zoben. Ya kai shi kan babban yatsansa, ko farce bai shiga ba. Ya gwada ƙaramin yatsa, nan ma ya tsaya a baki. Ya sunkuya ya kama bayan diddigensa, ya matsa agararsa tsakanin yatsu biyu, ya ɗago ya sāke duban zoben. Can ya ce shi dai a saniya bai taɓa cin karo da wata siririya a wurin ba. Likita ya ce shi bai san saniya ba, mutum ya sani. Ya ƙara da cewa ba zai ɓoye mana ba: wani lokaci ita ma siririyar ba a samun ta, sai a nemi wata, kuma ko aiki ya yi kyau yatsan ba zai koma daidai yadda yake da ba.

Yaya ta ajiye ƙyallen da take naɗawa. Sai a lokacin ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Idan an kawo ta, yaya ake haɗa ta da tsohuwar? Ƙulli ake yi?"

Ya ce ƙulli ba ya wucewa ta cikin hannu. Ya ɗauki almakashi ya huda zariya ɗaya wuri uku, ya ratsa ɗayar ta hudar farko, ya juya ya ratsa ta biyu, ya juya ya ratsa ta uku. Ya ce a kowace mahaɗa zai sa ɗinki da zare mai sirantaka kamar gashi. Ya ba ta ta ja. Ta ja, bai zame ba. Ta kawo shi kusa da ido tana juyawa.

"Wannan ai ƙari ne," ta ce. "Haka nake sa ulu a gashin da ya gaza. Amma idan gashin mai santsi ne, uku ya yi kaɗan, sai na yi huɗu."

Ta warware nasa, ta saƙa nata da yatsu tara, na goman yana tsaye yana nuna rufin ɗaki. Likita ya sa tabarau ya kalla har ta gama, ya ja, ya ce idan tsawon ya isa zai yi mata huɗu. Ban san ko da gaske yake ba ko don ya faranta mata. Yaya ta ajiye zariyar, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Kawu, ina so a yi." A sanina wannan ne karo na farko da ta ce tana son wani abu bayan ya ce a'a.

Kawu ya mayar da ƙarfen kan tebur, ya daidaita shi da gefen takarda. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, abin da aka ciro ya gan shi da idonsa. Likita ya ce ba a fita da ita daga ɗakin aiki, amma zai sa a ɗauki hotonta a waya. Kawu ya ce ya yarda.

Dangi suka koma gida da jijiyoyinsu. A mota kowa ya haɗa babban yatsa da ƙarami yana leƙen wuyan hannun maƙwabcinsa, har direba sai da ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya duba. Cikin sati guda abin ya zaga unguwa. Ni kam duk wadda ta zo awo sai na duba nata kafin in auna kafaɗa. Na gano Inna ma ba ta da ita, sai na ce ashe gado Yaya ta yi. Inna ta ce ita ba ta san ta rasa komai ba sai da na gaya mata.

Ran aiki muka zauna ƙarƙashin bishiya tun hantsi har azahar ta gota. Kawu bai ci komai ba, carbi kawai yake ja. Da likita ya fito ya miƙa masa wayar tun kafin a tambaye shi. Na leƙa ta kafaɗarsa. Wani farin abu ne siriri mai sheƙi, shimfiɗe a kan koren ƙyalle, kamar silin taliya guda da aka miƙar. Na yi mamakin tsawonsa, na yi mamakin yadda abu haka ya zauna a ƙafar Yaya tun haihuwa ba wanda ya san da shi. Kawu ya ce in buɗa masa hoton. Ya duba daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce, "Wannan ba agara ba ce." Ya mayar da wayar.

Duk da haka bai gamsu ba sai washegari, da aka ce ta sauko daga gado. Ta dafa ni ta tsaya, hannun yana naɗe cikin filasta har gwiwa. Kawu, wanda ban taɓa ganin ya durƙusa gaban kowa ba, ya tsuguna a gabanta. Ya sa yatsu biyu a bayan diddigenta, sama da bandejin, ya latsa a hankali kamar yadda yake taɓa dabba a kasuwa. Ya ce ta taka. Ta taka, tana ɗan ɗingishi, har bakin ƙofa ta dawo. Ya ce, "Tana nan." Ya fita wai zai nemo ruwa, alhali ga buta cike a gefen gado.

Sauran aikin ya fi na likita tsawo. Makonni hannun yana ɗaure, sannan aka haɗa ta da mai koyar da motsa gaɓoɓi. Aka ce ta motsa kaɗan kada jijiyar ta manne, kada kuma ta ja da ƙarfi ta tsinke. Ƙafar ta warke tun da wuri, tabon ma sai an nema. Yatsan ne ya wahalar da ita. Yau ya ɗan sunkuya, gobe ya kumbura ya ƙi. Na sha tarar da ita a bayan ɗaki tana yi tana hawaye, idan ta gan ni ta ɓoye hannun cikin zane. Kawu kuwa duk Juma'a sai ya aiko da ƙafar saniya a yi mata farfesu, wai jijiya ita ke ciyar da jijiya. Na tambayi likita ko haka ne. Ya ce ta ci abinta, ba zai hana komai ba.

Rake ya sāke shigowa kafin wata safiya ta aiko a kira ni. Na tarar ta shimfiɗa tabarmar nan da ta daɗe a naɗe, ga kwalbar mai, ga tsinken tsaga, ga kujerarta 'yar tsugunne.

"Cire ɗankwalin nan," ta ce. "Kin kusa shekara kina yawo da kai kamar na mahaukaciya, ana cewa ba ki da 'yar'uwa."

Na zauna, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta. Ta tsaga, ta shafa mai, ta kama silin farko a goshi. Hannun ba shi da saurin da. Tana tsinko gashi sai in ji ta ɗan tsaya, ta sāke kamawa. Layin da take gamawa kafin a ƙirga ashirin ya ɗauke ta lokaci mai tsawo, amma da ta kai ƙeya na ji fatar kaina ta ɗaure irin ɗaurin da na sani. Ta yi na biyu, ta yi na uku.

A na huɗu na kasa daurewa. Tun da aka yi aikin ban ga yatsan yana kitso ba, kuma tambayoyi sun cika mini ciki. Shin gaɓar ƙarshe tana lanƙwashewa ko ta tsakiya ce ke yin aikin? Shin idan ta ja gashi tana jin wani abu a ƙafa? Na ce, "Yaya, wai jijiyar nan ta san yanzu a hannu take?" Na karkato kai don in gani.

Sai ji na yi ƙwas a tsakiyar kaina.

Bai kai na da ƙarfi ba, bai isa haƙori ba. Amma gaɓar yatsa ce a lanƙwashe, kuma na san wanne ne. Hawaye suka zubo mini har kan zane, ban share ba, don kada in motsa.

"Ki zauna daidai, Auta," ta ce. "Saura layi goma sha biyu."